Ƙwaro a Ginshiƙi Na Uku

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Likitar kunne ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta awa nawa nake sa abin a kullum, da kuma abin da na ji da na sa. To ga shi na fara. Awa: babu. Abin da na ji: Hukuma tana cewa shayina zai huce. Sau ɗaya ta faɗa, ita ce dai take rantsuwa wai sau uku ta faɗa.

Likita, in kin karanta, Hukuma ita ce matar da ta zauna kusa da ni tana hararata. Shekara ashirin da takwas ina ƙarƙashin mulkinta, ban taɓa yunƙurin juyin mulki ba. Ita ta jawo ni wurinki, aka rufe min kunnuwa aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na ɗaga inda na ji, na kuma ɗaga inda na ga ya kamata a ce na ji. Duk da haka kika ce na hagu ya tafi hutu, na dama yana haɗa kaya, wai shekara talatin na kukan injin yankan katako ne suka jawo.

Abin da kika ba ni in maƙala a bayan kunne, ni ƙwaro nake kiransa, don da shi ya yi kama. Akwatinsa fari ne, ga hoton kunne ɓaro-ɓaro a kai. Na fitar da shi na sa a gwangwanin alewa tare da 'yan baturansa shida. Duk wanda ya gani zai ce tsoho ne ke son zaƙi.

Babu abin da ya same ni. Mutanen yanzu ne suka koma magana ciki-ciki.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na je ganin aikin Auta. Ƙanina ne, ni na goya shi, ni na riƙa kai shi makaranta a kan keke, yau ga shi da gida har da ɗakin da ba a kwana a ciki, ba a cin abinci a ciki, sai kallo kawai. Majigi a rufi, farin allo bango guda, sifiku bakwai da wata ƙatuwa mai gurnani a ƙasa. Yana son ginshiƙai huɗu na ado, biyu a kowane gefe, su ɓoye wayoyi, ɗakin ya yi kama da gidan sinima na gaske. Ya tsayar da ranar Asabar 21 ga wata zai tara dangi a yi kallon farko.

Shekara biyu ke nan yana min waƙa ɗaya: Yaya ka rufe shagon nan ka huta. Wai zai sama min kujera a kamfaninsa in riƙa duba kaya. Ni ne zan zauna ina ƙirga kwalaye? In ya ji labarin ƙwaro ya samu sandar dukana, kuma shagon ya rufu ke nan. Saboda haka ba zai ji ba. Na roƙi Hukuma ta rufa min asiri, ta ce za ta rufa muddin ina sa abin a wurin aiki. Na ce ina sawa.

A mota da zai maido ni, yana tuƙi ina gefensa, wato kunnen da ya tafi hutu ne ke fuskantarsa. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, yana kallon titi yana murmushi. Na ɗauka zancen katako ne, sai na ba shi amsar da ba ta taɓa kunyata kafinta ba, na ce a bari ya bushe tukuna. Ya sauke ni a ƙofar gida. Ko sallamar kirki bai yi min ba.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kasuwar katako. Duk layin sun san ni da ƙwanƙwasa. Haka mahaifinmu ya koya min: ka buga da bayan yatsa ka saurara, mai lafiya zai amsa maka tas, mai ɓoyayyen tsaga kuwa muryarsa a dakushe take. Shekara da shekaru masu sayarwa in sun hango ni sai su fara ture ruɓaɓɓun zuwa baya.

Yau ma na ƙwanƙwasa, na karkata kai, na yamutsa fuska, na ture biyu na zaɓi takwas. Da ido na zaɓa, da kuma nauyi a hannu. An ce gani ya kori ji, to ni a wurina ya kore shi har da kayansa. Mai katakon ya ce wa maƙwabcinsa, ka gani ko, kunnen Baba ba ya tsufa. Wannan kam na ji, don da ƙarfi ya faɗa.

Awa: babu.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na sha karatu wurin matar Auta. A gidan rediyo take aiki, ita ce ke zama bayan gilashi tana daidaita muryoyin mutane, shi ya sa nake kiranta Mai Rediyo. Yarinya ce mai ladabi, amma in ana zancen sauti ba ta da yaya ba ta da ƙani.

Ta sa na tsaya tsakiyar ɗakin na tafa hannu sau ɗaya. Ta ce, "Yaya, ka ji yadda yake dawowa da wani ɗan kaɗawa a ƙarshe?" Na ce sosai ma, abin har ya dame ni. Sai ta yi bayani: bango biyu masu santsi suna kallon juna, sauti na ta kai-komo tsakaninsu, shi ya sa maganar 'yan fim ke cakuɗewa. Ginshiƙan nan in an yi su da hankali za su shanye wani sautin su wargaza wani. In kuwa na bar cikinsu fanko, to ganguna huɗu na gina mata.

Na ce ni ado aka ce in yi. Ta ce ai ado ma yana magana.

Ga yadda muka tsayar. Gindin kowanne akwati ne rufaffe, tsayin gwiwa. Daga nan zuwa sama sanduna ne masu tsagi, da tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu, baƙin yadi a bayansu, sannan a cika ciki duka da audugar gilashi. Tsagin zai wargaza, audugar ta shanye. Inda za a kafa su kuwa, da madubi ta nemo: ta zauna a kujerar tsakiya, ni ina jan madubin a jikin bango, duk inda ta hango sifika a ciki sai ta ce tsaya, in yi alama da fensir. Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa auna wuri da madubin kwalliya ba, kuma na ji daɗin abin ƙwarai.

Ta fita da wuri, wai warin gam na tayar mata da zuciya, alhali ko murfin ban buɗe ba. Auta ya leƙo ya gaishe ni a tsaye ya wuce. Ban san me na yi wa yaron nan ba.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sanduna arba'in da takwas, tsagi duk ya fito sumul. Awa: babu. Babu abin da ya same ni.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na gwada ƙwaro a shago, bayan na tura ƙofa. Ashe fankata kuka take yi. Ashe in ina tauna gyaɗa duk unguwa na iya ji. Na ajiye guduma a kan tebur sai da na zabura. Minti goma na cire shi na mayar gwangwani, duniya ta koma yadda na saba da ita.

Na kawo wa Hukuma ƙara, ta ce ai likita ta faɗa sai kai ya saba, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Na ce wane kunnen, na hagu ko na dama? Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta ya motsa. Ta ce in ci gaba da taurin kai, jiki ya fi kunne ji.

Awa: minti goma. A rubuta min lada.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi aika-aika.

Tun safe nake cusa audugar gilashi, abin nan mai sa jiki ƙaiƙayi. Na gama na ɗaya da na biyu, ina durƙushe gaban gindin na uku, gwangwanin na tokare min cinya ta aljihu. Sai na fitar na ɗora a kan wata sanda da ke cikin gindin, da nufin in ɗauka in na miƙe. Ganin inuwa kawai na yi a kaina. Auta ne. Ban ji shigowarsa ba, takalman yanzu ba su da ƙara. Kafin ya sunkuyo na ja auduga na lulluɓe gwangwanin.

Da ya gaishe ni ya wuce kamar kullum, da shi ke nan. Amma yau ya naɗe hannun riga, ya ce ya ɗauki hutun rabin rana ya taya ni, kamar lokacin da yake ɗan makaranta yana riƙe min katako. Ya ɗauki murfin, ya shafa gam, ya danna, ya ɗaure sukurori goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe kawunansu yadda na koya masa. Ina tsaye ina kallo ana binne min ƙwaro.

Me zan ce? Dakata, akwai alewata a ciki? Zai ce bari ya ɗauko min, kuma Auta tun yana yaro bai taɓa ganin gwangwani ya bar shi a rufe ba. Ga shi rabona da ganin haƙoransa tun ranar mota. Na ce aiki ya yi kyau, hannunsa bai manta ba.

Likita, ba na jin zan nuna miki littafin nan.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na yi sammako don in kwance kafin kowa ya tashi, na tarar Auta ya riga ni da burushi. Shafi biyu ya yi wa gindin, ruwan ƙasa mai duhu, yana ta nuna min yadda ba a ganin ko kan sukuru ɗaya. Gaskiya ba a gani. Na koyar da yaron nan da kyau, shi ne matsalar.

Hukuma ta tambayi ina ƙwaro, na ce a aljihun teburin shago nake barinsa don kada ya ɓata a hanya. Ta ce to.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ai yana cikin auduga, ba sanyi ba zafi. Ya fi ni jin daɗi. Zan koma asibiti ranar 23, kafin nan Allah zai kawo dabara.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An kafa huɗun duka, an shimfiɗa kafet, an rataya labule. Ba yabon kai ba, ɗakin ya haɗu. In fitilun ƙasa suka haska tsagin nan sai ka rantse daga waje aka kawo su.

Mai Rediyo ta tsaya tsakiya ta tafa hannu, ta kasa kunne, sai ta yi murmushi ta ce ɗakin ya nutsu, kaɗawar ta mutu. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani. Aka kunna majigi, ta sa wani wuri a fim da ake ruwa da tsawa. Ƙatuwar sifikar nan ta yi gurnani har na ji a tafin ƙafata. Sai na ga su biyun sun juya lokaci ɗaya suna kallon ginshiƙi na uku.

Ta ce, "Yaya, ka ji wannan? Kamar ƙudan zuma a kwalba."

Na ce ni ban ji komai ba. Ita ce gaskiya ta farko da na faɗa a gidan nan cikin mako biyu, ita ce kuma suka ɗauka taurin kai. Auta ya ce haba Yaya, ai ko daga ƙofa ana ji. Na ce ginshiƙina ba ya ƙara, su binciki wayoyinsu. Na faɗa da zafi fiye da yadda na yi niyya, har Mai Rediyo ta sunkuyar da kai, abin ya tsaya min a rai.

Da suka fita neman wata waya, na maido tsawar baya, na ɗora tafin hannu a kan na ɗaya. Shiru. Na biyu, shiru. Na uku kuwa, can ƙasa wajen gindi, wani abu na rawa ƙarƙashin hannuna, sauri-sauri. Batura shida ne a gwangwani suke cashewa. Hukuma ta ce jiki ya fi kunne ji, ba haka take nufi ba, amma ga shi maganarta ta tabbata ta hanya biyu.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗora laifin a kan fitilar bango, na ɗaure ta. Na ɗora a kan mariƙin ƙofa, na naɗe shi da tsumma. Na ce sandar labule ce, muka sauke labulen gaba ɗaya. Duk lokacin da aka sa tsawa sai in kalli fuskokinsu in ga ko an dace, su kuma suna kallon na uku.

Da zan tafi Auta ya raka ni bakin mota. Wannan karon ta dama ya tsaya, don haka na ji komai, da ma ban ji ba. Ya ce in ban damu ba zai kira wani kafinta ya duba, wataƙila aikin ya yi min yawa, shekaru sun ja. Ya faɗa da ladabi, yana kallon ƙasa.

Wani kafinta. A kan ginshiƙina. Na ce ya ba ni zuwa Asabar da safe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan yi fushi da shi sai mai gwangwanin alewa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je da sukudireba a aljihu, Auta na wurin aiki. Ashe Mai Rediyo ta ɗauki hutu, tana kwance a falo, ƙofar ɗakin kallo a gabanta. Ina durƙusawa ta shigo da shayi.

Na lura da wani abu yau. Yarinyar nan kullum ta damana take zama, kuma ba ta magana sai ta tabbata ina kallon fuskarta. Tun yaushe take haka ban sani ba. Ta ce ta sake saurara, ƙarar ba ta katako ba ce, kamar ƙananan ƙarafa ne a cikin gwangwani. Na ce ikon Allah. Sai ta ce su a wurin aikinsu duk shekara ake gwada musu kunne, kuma babban injiniyansu, wanda babu kamarsa a gidan, da na'ura yake ji, babu wanda ya taɓa cewa ya tafi gida.

Na ce shayin ya yi daɗi, wane iri ne? Ta faɗa min irinsa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Hukuma ta kawo min abinci shago, abin da rabonta da yi tun tana goyo. Ta ajiye, ta wuce kai tsaye ta ja aljihun tebur. Fensir uku, tef ɗin awo, tsohon makulli. Ta juyo ta riƙe ƙugu.

Na faɗa mata komai, tun daga cinya har fenti shafi biyu. Na shirya wa faɗa, sai ta zauna a kan benci ta fashe da dariya, har tana share hawaye da bakin mayafi. Wai ita ta san ana ɓoye kuɗi a katifa, ba ta taɓa jin wanda ya gine kunnensa a bango ba. Da ta gama ta gyara zama, fuskar mulki ta dawo.

Ta ce, "Malam, zuwa Asabar. Ko ka buɗe, ko in buɗe."

Na ce ai ba ta iya riƙe sukudireba ba. Ta ce ba ginshiƙi take nufi ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na share shago ba tare da dalili ba. Na goge injin, na jera gudumomi daga babba zuwa ƙarama. Shekara talatin ina buɗe ƙofar nan da safe, ban san me mutum yake yi da hannuwansa in ba ya buɗe ta ba.

Akwai kalmar da ake kiran irina da ita, ba zan rubuta ta ba. Tsoro nake ji. Wannan kam ina jin sa sarai, ba sai da ƙwaro ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta shi a jere tun ban manta ba.

Ƙarfe takwas na isa, na kira Auta da matarsa na ce su zo su tsaya. Na kankare fentin Auta, na tono kawunan sukurorin, na kwance goma sha biyun, na ɓamɓare murfin. Na cusa hannu cikin auduga na jawo gwangwanin na miƙa masa. Ya girgiza shi, Mai Rediyo ta ce shi ne, wallahi shi ne. Auta ya fara dariya yana cewa Yaya da alewa, sannan ya buɗe, kamar yadda na san zai yi. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Na hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Likita ta ce in sa wannan. Na ɓoye ne don kada ka rufe min shago."

Ya zauna a kan kafet, abin na tafin hannunsa. Ya buɗe baki, matarsa ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa damana, ya matso.

"Yaya, ranar nan a mota, ka ji abin da na faɗa maka?"

Na ce ban ji ba.

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe kuka ne da dariya a haɗe. Da ya samu numfashi ya ce, "Ce maka na yi, bayan shekara tara, muna sa ran ƙaruwa. Kai na fara faɗa wa duk duniya. Ka ce min a bari ya bushe tukuna."

Mai Rediyo ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa bango. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kusan mako uku yaron nan na yawo da wannan a ransa, yana tsammanin yayansa bai yi murna ba, ni kuma ina can ina cewa yara sun lalace. Na riƙo kansa kamar yana ɗan shekara biyar, na yi masa barka, na yi wa matarsa, na yi musu addu'a. Ban taɓa jin kunya da farin ciki sun haɗu min haka ba.

Auta ne ya sa sabon batir, shi ya maƙala min. Na ji na'urar sanyaya ɗaki na huci, na ji awarwaron Mai Rediyo, na ji Auta na jan hanci. Don in samu abin yi da fuskata sai na tashi na bi ginshiƙan ina ƙwanƙwasawa. Na ɗaya daidai. Na biyu daidai. Na huɗu, can sama, ya amsa min da muryar fanko. Na sake bugawa. Na ce auduga ta zame a nan, akwai rami kamar tsawon hannu. Mai Rediyo ta hau kujera ta kara kunne ta buga, ta juyo tana zare ido, ta ce ita kwana biyar tana saurarar ɗakin nan ba ta kama wannan ba. Ni kuwa sai da na gyara wuyan riga.

Muna cusa audugar Auta ya fara waƙarsa, Yaya ka ga dalilin da ya sa nake cewa. Matarsa ta katse shi cikin ladabi, ta tambaye shi wa zai yi gadon jariri in an rufe shago, ko na kanti yake so a kwantar da ɗansa a kai? Auta ya sosa ƙeya. A ƙarshe aka yanke min hukunci: in injin na aiki in toshe kunne da abin toshewa, in an kashe in sa ƙwaro, kuma in mayar da shi akwatinsa na asali, mai hoton. Na karɓa. Na ce gobe zan fara neman katakon gadon, amma fa sai an bari ya bushe tukuna. Auta ya ce in na sake faɗar maganar nan zai kai ƙarata wurin Hukuma.

Dangi sun zo ƙarfe huɗu. Aka yi ruwa, aka yi tsawa a allo, na uku ko tari bai yi ba. Na ji maganar 'yan fim ɗin kalma-kalma, ashe labarin ba shi da wani daɗi.

Awa: tara.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na sa shi tun kafin in fito daga ɗaki, ban gaya wa kowa ba. Ashe akwai tsuntsaye a bishiyar maƙwabta. Ashe ƙofar banɗakinmu tana kuka, gidan kafinta guda, yau zan sa mata mai.

Ina zaune da littafin nan, Hukuma ta kawo shayi ta bayana ta hagu, yadda ta saba. Ta ajiye kofin, ta ɗan tsaya tana gyara min wuyan riga, sai na ji ta ce a hankali, da wata murya da na manta tana da ita, "Allah ya bar min kai, tsohon nan mai kunnen ƙashi." Yadda maganar ta fito sumul, ba yau ta fara faɗa ba. Sannan ta zagayo ta gabana ta ɗaga murya ta ce shayina zai huce.

Na ce to, na ɗauki kofin. Shekara biyu ina yin kamar na ji. Yau na yi kamar ban ji ba.